Ma'aunin Gyaɗa Cikin Kayan Aurena

Da sunan Allah nake farawa, shi kaɗai ya san abin da ƙirjina ke ɗauke da shi. Sallama gare ku, 'yan uwa masu bin labarina.

Wata baiwar Allah ta rubuto mani a ƙasan shafin baya: "Bara'atu, ke da kike digiri na biyu, me ya hana ki buɗe baki ki yi masu bayani?" 'Yar uwa, na buɗe. Yau za ki ji abin da bayanin ya jawo.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni ɗiyar Malam Lawal ce, malamin sakandare a Batsari. A jami'a na haɗu da Sahabi, dogo siriri mai gilashi, wanda in yana tunani yake mantawa da biro a bayan kunne har ya shiga sallah da shi. Bafulatanin Tsaskiya ne. Ɓarayin daji sun kore shanun gidansu kaf, suka dawo cikin Safana suna zaman haya. Ku riƙe wannan da kyau, don a garinmu ba wanda ya riƙe shi.

Bincikenmu ɗaya ne, rabi nashi rabi nawa. Shi yake zana zobban jan ƙarfe a kan wani ɗan allo kore da bai kai tafin hannu ba. Ni kuma in shafa wa zobban wata ƙura ta tutiya wadda ido ba ya ganin ƙwayarta, sai ka jera ɗaruruwa ba ka kai kaurin gashi ɗaya ba. Ita ake kira nano. In an kusanto da gyaɗa mai laima sai ƙurar ta sha laimar, amon zobban ya sauya, wata babbar na'ura a ɗakin gwaji ta nuna. Burinmu manomi ya san gyaɗarshi ta bushe kafin ya ɗure ta a buhu, kada ta yi fumfuna ta zama guba. Iyakarshi kenan. Ba ya kiran waya, ba ya kama rediyo. In ba a jona shi da waccan na'urar ba, marfin kwalba ya fi shi amfani.

Mun lalata alluna ba adadi. Ana tsakiyar gashin allo a ɗauke wuta, tanda ta huce, aikin wata guda ya tafi kwandon shara. Duk ranar da haka ta faru sai Sahabi ya ce, "Bara'a, na farkon da zai yi aiki naki ne." Ni kuwa in ce, "Sauran mata ana yi masu alkawarin mota." Na dawo gida hutu na bar shi yana fama.

Shekarar da aka kashe mana sabis ce, wai don a toshe bakin masu kai wa ɓarayi rahoto. Waya ta koma fitila da agogo. Ni dai aikina in kwanta in buɗe tsofaffin saƙonninshi, har na haddace inda ya yi kuskuren rubutu. Kalmar infoma kuwa ta zama wuta a gari. Ba a bincika ta, nunawa kawai ake yi.

Ranar Asabar da hantsi gwaggonshi da yayarshi suka kawo kayan na-gani-ina-so. Ina ɗaki cikin doguwar rigata ruwan ganye, na ɗaure ɗankwali na kwance ya fi a ƙirga, ina leƙe ta labule. Jaka ɗaya ce baƙa mai taya. Atamfa biyu, leshi ruwan madara, mayafi, takalmi da jakarshi, turare, sabulai, goro da alewa. Sai wata kwalba ta man shanu da ta sa idona ya ciko. Mutanen da ba su da ko maraƙi, Allah kaɗai ya san ƙofar da suka buga suka samo, don kada a ce gidan Fulani ya zo ba mai.

Bayan an raka baƙi, Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, ta zuge aljihun gefen jakar ta ciro wani abu a naɗe da auduga.

"Wannan kuma fa? Na wuya ne ko na hannu? Ke Bara'atu, fito ki gani, har da ɗan zinare a bakinshi!"

Ina ganin koren allon na gane shi. Ya yi aiki! A bayanshi ya zana sunana da jan ƙarfe, Bara'a, ƙanana kamar sawun tururuwa. Na karɓe shi ta gefe-gefe ina dariya ina hawaye.

"Gwaggo, kada ki taɓa fuskar. Aikinmu ne na makaranta. Kamar 'yar eriya ce, amma ta auna laimar gyaɗa."

"Gyaɗa?" Ta riƙe haɓa. "Ni zan zagaya unguwa in ce surukinmu ya kawo ma'aunin gyaɗa? Ɗiyar Hajiya ta bayan masallaci waya sabuwa aka sako mata a kwali!"

Kun san al'ada. Kaya in sun zo sai an zagaya da su gida-gida a gani a sa albarka, kuma mai zagayawa ba ta rage kaya, ƙara masu daraja take da baki. Atamfar kasuwa ta koma 'yar waje, turaren Katsina ya koma na Makka. Na ɗauke allon na sa ƙarƙashin matashi. Ina banɗaki Gwaggo ta zaro shi ta ɗora a saman tire, don a ganinta shi ne abin da ba a taɓa kawo wa kowa ba.

A gidan farko ta ce eriya ce. A na uku ta ce surukinmu injiniya ne, shi ya ƙera da hannunshi. Kafin ta kai ƙarshen layi, abin ya zama na'urar da ke kamo sabis ko gwamnati ta kashe. Ta dawo tana guɗa, bakinta ja da goro.

Shiru na kwana biyu. Sai na lura maƙwabciyarmu da ke aron turmi kullum ba ta aiko ba.

Ranar Litinin bayan azahar Yaya Nazifi ya shigo. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya shiga 'yan sa-kai tun ranar da ya ɗauko gawar Baba Ƙarami, ƙanin Baba, daga gonarshi ta ƙauyen Karare a bayan amalanke. Ya jingine bindigarshi a zaure, don Baba ya hana a shigo da ita, ya tsaya tsakar gida da rigar nan tashi mai layu.

"Ke, ina abin?"

"Wane abu, Yaya?"

"Kada ki maida ni yaro. Abin da Bafulataninki ya aiko. Gari ya ɗauka wai na'urar infoma ce, har a majalisar mai shayi."

"Sunanshi Sahabi. Ka ci tuwo da shi a zauren nan, ka ce ya fi ka sanin ƙwallo."

"Na ci. Wanda ya nuna gonar Baba Ƙarami ma mun ci tuwo da shi."

Na zaunar da shi na yi bayani. Na zana zobba a ƙasa da tsinke, na kawo gyaɗa ɗanya da busassa. A jami'a an koya mana cewa in ka warware wa mutum abu dalla-dalla dole ya gane. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama gaban mutumin da ya binne nashi ba. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙo hannu.

"Kwamandanmu ya ce a gwada gaban kowa. In bai kama sabis ba, shi ke nan."

Wallahi sai na ji sanyi. Gwaji? Ai gidana aka zo. Na ce a gwada, amma da ni za a je, tun da wayata za a sa.

Talata bayan la'asar muka hau dutsen bayan gari, ni da Baba da Yaya da mutanensu. Na zumbula hijabin Inna ruwan toka har ƙasa, silifas ɗina na zamewa a kan dutse, Baba na haki yana riƙe da gefen babbar rigarshi. Rabon mutanen gari da hawa wurin tun da daji ya lalace, don yana kallon yamma, wajen dajin ɓarayi. Masu gadi kaɗai ke hawa, su kuwa tun da aka kashe sabis ba mai ɗaukar waya, wasu ma sun sayar sun sayi masara.

Kwamanda Ado tela ne a da. Shi ya ɗinka mani rigar firamare. 'Ya'yanshi biyu aka ɗauke a hanyar gona, ɗaya ne ya dawo. Ya gaida Baba da ladabi, ya dube ni.

"Ɗiyata, ba mu son zalunci. Shi ya sa muka ce a gwada a wuri mai tsayi, kada a ce mun tauye abin."

Nan na gane. Wuri mai tsayi! Na dubi gabas, sararin Allah ba abin da ya tare har inda ido ya ƙare, kuma can wajen Katsina ba a kashe komai ba.

"Baba Ado, don Allah a gwada sau biyu. A fara ɗaga wayar ita kaɗai, a bar allon a gindin dutse. Sannan a ɗaga da shi. In ba haka ba ba za a san wanda ya kamo ba, allon ko tsayin."

Wani daga baya ya yi tsaki. "Kun ji 'yar boko, za ta juya mana kai."

Kwamanda ya ce a hankali, "Ɗiyata, ai allon ake tuhuma, ba rashinshi ba."

"Malam Ado," in ji Baba, "maganar yarinyar nan tana kan hanya. Ko a aji haka muke..."

"Malam, nan ba aji ba ne."

Suka ɗaure allon a bayan wayata da robar taya. Wani ya danna babban yatsanshi a tsakiyar zobban don ya zauna daidai, ina kallon aikin shekara guda ya bi zufar hannunshi. Suka ɗaure a kan gora, aka ɗaga sama. Iska na kaɗa hijabina. Ina karanta duk addu'ar da na sani, ni da na yi wata da watanni ina roƙon Allah ya kawo mani saƙon Sahabi, yau ina roƙon kada ya kawo.

Shiru. Har wani ya fara cewa a sauke, hannu ya gaji.

Sai wayar ta yi ƙara.

Wani ya yi kabbara. Baba ya zauna a kan dutse. Aka sauko da gorar, aka sa na buɗe da yatsana, Kwamanda ya miƙa wa Yaya Nazifi ya ce ya karanta da ƙarfi. Yaya ya karanta:

"Salam Bara'a. Na shigo Katsina yau, na ce bari in rubuta ko Allah zai sa ya same ki wata rana. Farfesa ya ga sakamakonmu, sai da ya miƙe tsaye ya ce a sake a gabanshi. Aka sake, ya yi. Kin ga allonki? Na cika alkawari, saura motar. Gobe zan koma Safana. Ranar Alhamis za mu zo gaisuwa ni da Baffa, motar farko. Ki ce wa Inna ina nan da kwaɗayin dambun nan nata. Na ƙosa in gan ki."

Ba wanda ya yi dariyar dambu.

Na yi ta magana. Na ce a sake ɗagawa yanzu ba allon, yanzu-yanzu, abin minti nawa ne? Na ce a ɗaga wayar kowa. Na durƙusa. Kwamanda ya zura wayar da allon cikin aljihun gaban rigarshi ya maɓalle.

"Mun gani da idonmu. Malam, gidanka gidan mutunci ne, shi ya sa za ku sauka lafiya. Amma duk wanda ya fita gidanka da saƙo zuwa Safana, mun san matsayinku. Yaron kuma in ya tako garin nan, mu za mu tarbe shi."

Na san irin tarbar. Ku ma da kuka zauna yankinmu a shekarun nan kun sani. Ba a kai mutum ofis.

A gida Gwaggo Lami ta yi ta birgima tana cewa bakinta ya kashe ɗan mutane. Baba ya je wurin mai unguwa, ya dawo ya shige ɗaki da carbi. Inna ta same ni a bakin gado.

"Bara'atu, ki dubi ƙannenki. Yau an ƙi sayar wa Murja da manja a shagon layi. Ki cire yaron nan daga ranki."

"Inna, bai yi komai ba."

"Na sani. Shi ma mai facin bakin tasha da aka kashe bai yi komai ba."

Laraba da safe ina tsugune bakin rariya ina wanke-wanke Yaya Nazifi ya zo ya tsuguna gefena, abin da rabonshi da yi tun muna yara. Ƙafafun wandonshi duk ƙarangiya. Bai dube ni ba.

"Na koma dutsen da sassafe. Ni kaɗai, da tsohuwar wayata. Ba allo."

Kwanon ya suɓuce mani.

"Saƙo ya shigo," ya ce. "Na kamfani. Wai in sa kati in samu garaɓasa."

"Alhamdulillahi! Yaya, tashi mu je ka faɗa masu!"

"In faɗa wa wa? Yayan amarya ya hau dutse shi kaɗai da waya a ɓoye, ya dawo yana wanke suruki? Kafin azahar mun zama biyu. Su kuma sun riga sun yi kabbara a gaban jama'a, kina ganin Kwamanda zai tara mutane ya ce na yi kuskure?"

"To ka bari a kashe shi, kana sane?"

Ya daɗe yana murza goshi. "Hanya ɗaya na gani. A mayar da kaya. Yau. Ba mai tare tsohuwa da jakar aure, har daɗi za su ji, su ce gidan Malam ya barranta. Kin san Fulani da kunya. Baffanshi ba zai sake taka ƙofar da aka maido mashi da kaya ba har ya mutu."

"Gwaggo ta raɗa mashi gaskiya mana, in ta je."

"Motar cike take da kunnuwa, bakin Gwaggo kuma kin ga aikinshi. Sannan ke kin fi ni saninshi. In ya ji ana zarginshi saboda allon nan, me zai yi?"

Na sani. Zai goge gilashinshi, ya ɗebo takardun jami'a da hoton na'ura, ya shigo motar farko ya zo ya yi bayani. Irin mu ɗaya. Sahabi zai iya jure a ce ba a sonshi. Ba zai iya jure a yi kuskure a kan aikinshi ya yi shiru ba.

Masu karatu, da hannuna na haɗa jakar.

Na ninke leshin da na kwana biyu ina karawa a jikina gaban madubi. Na mayar da takalmin cikin ledarshi, ban taɓa taka ƙasa da shi ba sai darduma. Goro da alewar da aka raba, Baba ya aika aka sayo wasu. Man shanun Inna ta ɗan taɓa, ta ciko kwalbar da nata ta lallaɓe saman da cokali. A al'ada kayan da aka mayar sai sun cika, don in an riƙe ko ɗankwali ne, ma'anarshi yarinya na so, manya ne suka hana, ƙofa ba ta rufu ba. Mu kuwa rufewa muke so, da kwaɗo.

Baba ya kira Gwaggo ya sa ta rantse. "Lami, kalma ɗaya za ki faɗa. Yarinya ta ce ba ta yi. In sun tambayi dalili, ki ce ba ki sani ba."

"Yaya, in ce iyaye ne suka..."

"Yarinya," na ce. "Ki ce ni ce. Ki ce na samu wanda ya fi shi. In kika ce iyaye ne zai zo roƙo."

Gwaggo ta dube ni ta fashe da kuka. Ta yafa mayafinta baƙi, ita da ta fita da tire tana guɗa ranar Asabar, ta ja jakar tayoyin na kuka a kan tsakuwa. Yaya ya raka ta tasha ya dawo ya ce motar ta tashi, an duba jakar a shingen 'yan sa-kai an bar su sun wuce.

Na koma ɗaki na kwanta ina kallon rufi. Ban yi kuka ba. Na ce wa raina, zai tsane ni, zai ce 'yar birni ta raina talaucinsu, wata rana zai auri wata ya yi mata alkawarin allo. Amma zai yi numfashi. Na ce wannan ya ishe ni, kuma na kusa yarda.

Can na jiyo Inna a tsakar gida tana sheƙar gero, tana ce wa Baba, "To alhamdulillahi, mun fita haƙƙinsu. Komai ya cika, ko allura ba mu riƙe masu ba."

Na tashi zaune.

Mun ƙirga atamfa. Mun ƙirga sabulu. Ba wanda ya ƙirga allon, don a gidanmu ba wanda ya ɗauke shi kayan aure. Yana aljihun Kwamanda. A duniyar nan mutum biyu ne kawai suka san cewa duk abin da ke cikin jakar nan rakiya ce, shi ne kayan.

Kuma na san Sahabi. Aikinshi kenan a ɗakin gwaji, ya lura da abin da ya kamata a gani ba a gani ba. Ba zai dubi leshi ba. Zai bari mata su gama salati, ya ja jakar gefe, ya zuge aljihun nan na gefe. Zai tarar da auduga ba komai ciki, don ni da kaina na mayar da ita ban ma san na yi ba. Zai ɗan yi murmushin nan nashi. Zai ce, ta riƙe. Tilasta ta aka yi. Sannan ko Baffa ya zo ko bai zo ba, shi zai zo.

Na fita da gudu ba mayafi ba takalmi, Inna na kira, na ratsa zaure na yi karo da Yaya Nazifi a bakin ƙofa. Na riƙe rigar layun nan da hannu biyu.

"Yaya, mota! Akwai wata motar Safana yau?"

Ya dubi fuskata, ya dubi titi. Ba kowa sai akuya tana cin kwali.

"Ta Gwaggo ce ta ƙarshe," ya ce. "An rufe shinge. Wadda za ta sake bin hanyar nan sai ta gobe da safe, mai tasowa daga can."